Da

Ɗaki na tara, asibitin kan tudu a Trieste.
Taga na kallon teku, jiragen ruwa na jiran layi.
Stojan Furlan, tsohon mai ɗinkin taru,
shekara tamanin da ɗaya,
jini ya ɓalle masa a ka ranar Talata,
ya kwashe harsunansa uku
kamar ambaliya ta shiga rumbu.
Ƙwaya ɗaya tak ta rage a ƙasa:
da.

Viorica, 'yar Romaniya mai juya shi a gado,
ta ce, "Ai e yake cewa.
Za ka sha romo? Da. In ɗaga maka filo? Da.
Ban taɓa jinyar mai sauƙin kai kamarsa ba."
Romon ya huce a cokali,
bakin bai buɗe ba.

Likita Ottavia ta ji da kunnen Italiya: daga.
"Daga ina, Baba? Daga yaushe?"
Ta tsaya, alƙalami a sama,
tana jiran sauran zancen
kamar mai jiran motar da ta riga ta wuce.

Surukarsa Waltraud ta sauko daga Graz da jaka biyu.
A Jamusancinta, da nuni ne: ga shi can.
Sai ta bi idonsa,
ta miƙo kofi, ta miƙo tabarau, ta miƙo agogo,
ta ja labule, ta mayar,
har ta tara masa ɗakin kaf a kan bargo
ba ta ga can ɗin ba.

A gadon kusa, Nevzat direban tirela,
Baturke, ƙafa a rataye,
ya yi dariya har ƙarfen gado ya amsa.
"A wurinmu ba ta tafiya ita kaɗai,
jela ce: ni ma, kai ma.
Cewa yake shi ma."
Shi ma me?
"Shi ma ya gaji. Shi ma sigari yake so."

Xiulan mai goge daɓe ba ta ɗaga kai ba.
"Ku ba ku sauraren hawa da sauka.
In muryar ta faɗo, babba ke nan.
In ta nutse ta taso, duka ne.
Jiya babba ya ce. Yau, duka."
Ta matse tsumma ta wuce.

Akwai kuma Emrys, makanikin jirgi daga Wales,
da aka sauke da ciwon ciki.
Shi a garinsu, da na nufin mai kyau.
Ya ɗaga babban yatsa daga ƙarshen ɗaki,
ya koma barcinsa da kwanciyar rai.

Kowa ya ɗebi ruwa da ƙwaryar gidansu,
kowa ya rantse ya ga gindin rijiya.

Zdenka kaɗai ba ta fassara ba.
Ta zauna da rigar sanyi a cinya, tana warware zare.
A harshensu na Sloveniya
kalmar kan zama e, kan zama yana bayarwa,
kan zama ƙofar da buri ke shigowa.
Aka ce, "Ke da kika san shi, wanne ne?"
Ta ce, "Shekara hamsin da huɗu
mutumin nan bai taɓa gama magana ba.
Ni ke ƙarasa masa."

Ni mai ba ku labari, ban tanka ba,
amma a bakinmu da ƙulli ce,
irin wanda yatsun tsohon suka sani:
gishiri da ruwa, ƙugiya da zare,
Stojan da Zdenka.
Ja ta kaɗan, ta zama zamanin da ya shige.
Ita ce kuma ke jan ragamar da-na-sani,
wadda aka ce ƙeya ce.

Da asuba jirgin Turkiyya ya yi kuka a tasha.
Tsohon ya motsa leɓe.
"Da," in ji shi.
Ta ajiye zaren,
ta sa hannunta a inda kalma ta biyu za ta zauna.